Lambun Bayan Gida a Watannin Zafi: Tambayoyi da Amsoshi ga Mazauna Jihar Kebbi

Duk wanda ya taɓa kafa ɗan lambu a bayan gidansa a Birnin Kebbi, Argungu, Jega ko Yauri ya san cewa a watannin Disamba da Janairu kusan duk abin da aka dasa yana kamawa. Wahalar tana somawa ne daga ƙarshen Fabrairu, lokacin da sanyin hunturu ya janye, har zuwa faɗuwar ruwan farko. An tattara waɗannan tambayoyi ne daga abin da magidanta da matan gida suka fi yawan tambaya a kan wannan tsakani, tare da abin da ya kamata a canja idan damina ta kankama.

Shin akwai amfanin wahalar da kai da lambu a tsakiyar bazara, ko gara a jira damina?

Akwai amfani, matuƙar an rage buri. A watan Afrilu zafin rana a arewacin jihar yakan haura digiri 40, rijiyoyi suna ja baya, kuma a daidai wannan lokaci ne ɗanyen ganye yake ƙaranci a kasuwa, farashin kayan miya kuma ya soma hawa. Fangali biyu ko uku da aka kula da su sosai suna iya ɗaukar nauyin ganyen miyar gida guda, alhali fangali goma da ruwansu bai wadata ba sukan ƙone gaba ɗaya. Shawarata ita ce mai lambu ya fara lissafa ruwan da zai iya samarwa kullum ba fashi, sannan ya auna faɗin lambun a kan wannan ruwa.

Waɗanne kayan lambu ne suke jure wannan zafi?

Waɗanda iyayenmu suka saba da su tun asali su ne kan gaba: kuɓewa, sure (wato yakuwa), rama, alayyafo, lalo, gauta da barkono, sai kuma zogale, wanda idan ya kafu yakan jure ƙishin da zai kashe sauran. Kankana da kabewa ma suna son zafi, amma suna cin wuri. Latas, kabeji da karas kuwa na hunturu ne. Latas musamman idan zafi ya same shi sai ya yi tsawo ya fitar da fure, ganyensa ya yi ɗaci. Albasa ita ma tana ƙulla kai ne a cikin sanyin rani, shi ya sa manoman Aliero, waɗanda sunansu ya kai ko'ina a wannan sana'a, suke rainon iri bayan ɗaukewar damina su cire amfani kafin zafi ya tsananta ko a farkonsa. Wanda ya dasa albasa a Afrilu ya sa ran lawashi kawai.

Akwai ƙaramar dabara ga iri biyu daga cikin waɗannan. Irin kuɓewa yana saurin tsiro idan ya kwana a jiƙe, irin lalo kuma yana da taurin ɓawo, don haka akan ƙulle shi a ƙyalle a tsoma a ruwan zafi na ɗan daƙiƙu, a shanya a inuwa, sannan a yafa.

Tumatir ɗina ya yi kore shar, yana ta fure, amma furen yana zubewa babu 'ya'ya. Mene ne laifina?

Galibi babu laifin mai lambu a nan, zafi ne. Furen tumatir yana ɗauke da ɗan gari mai launin ruwan ɗorawa wanda da shi ne fure yake ɗaukar ɗa, kuma wannan gari yakan lalace idan zafin rana ya kai wajen digiri 35, musamman idan dare ma bai yi sanyi ba. A Afrilu da Mayu kuwa dararenmu kansu da zafi suke. Saboda haka shukar tana iya zama lafiya lau, saiwarta ƙalau, amma furen ya bushe daga wuyansa ya faɗi. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa tumatir yake arha a Janairu da Fabrairu, ya kuma yi tsada daga ƙarshen bazara.

Abin da za a iya yi ragewa ne. A kafa rumfa mai shara-shara ta kara ko tsohuwar zana a gefen yamma, yadda shukar za ta samu ranar safe ta tsira daga ranar azahar zuwa la'asar. A daina yawan zuba yuriya, domin tana ƙara ganye ne ta rage ɗaukar 'ya'ya. Da hantsi a riƙa ɗan girgiza sandar da aka ɗaure shukar, domin garin ya zuba inda ake bukata tun zafi bai tashi ba. An kuma lura cewa nau'in tumatir mai ƙananan 'ya'ya ya fi manya jurewa. Duk da haka, a ganina magani na gaskiya shi ne lokaci: a yi raino a Oktoba ko farkon Nuwamba, a yi dashe bayan mako uku zuwa huɗu, yadda furen zai fito cikin sanyi a kwashe yawancin amfanin kafin Maris ya ƙare. Wurin da tumatir ya tashi sai a mayar da shi na kuɓewa.

Sau nawa ya kamata a yi ban ruwa, kuma da wane lokaci?

Lokaci mafi kyau shi ne bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga, sai kuma bayan la'asar sakaliya ga ƙananan tsire da alayyafo, waɗanda saiwarsu ba ta yi nisa ba. Ruwan da aka zuba da tsakar rana rabonsa ya fi tafiya ga iska. Game da yawa, a tsananin bazara faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya na fangali yana iya shan lita 6 zuwa 8 a yini, wanda ke nufin fangali mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita uku yana bukatar kusan jarka guda mai lita 25 kullum. Ƙasar yashi, irin wadda ta yawaita a tudun arewacin jihar, ba ta riƙe ruwa, don haka ta fi son a raba mata sau biyu. Laka irin ta fadamar Rima kuwa tana riƙewa, yawan ruwa ma yakan shaƙe saiwa a cikinta.

Kuskuren da na fi gani shi ne yayyafi sama-sama, inda za a jiƙa fuskar ƙasa a tafi. Wannan yana koya wa saiwa zama a sama, daidai inda ƙasa ta fi zafi. A zuba ruwa a gindi a hankali har ya shiga ciki, kuma kafin a ƙara a cusa yatsa cikin ƙasa: idan akwai laima a tsawon yatsa, babbar shuka za ta iya jira. Kada kuma a firgita don ganyen kabewa ko na kuɓewa ya yi yaushi da azahar, domin hanya ce ta rage asarar ruwa. Wanda aka wayi gari aka tarar da shi a yamushe shi ne yake jin ƙishi na gaske.

Ga mai ƙarancin ruwa akwai tsohuwar hikima mai kyau. A samu tulu ko ƙaramar tukunyar ƙasa wadda ba a shafe ta da komai ba, a binne ta har wuya a tsakiyar shuka uku ko huɗu, a cika ta da ruwa a rufe bakin. Ruwan zai riƙa tsatsafowa ta jikin tukunyar kai tsaye zuwa ga saiwa. Robar lemo da aka huda wa ƙananan kafofi da allura aka binne tana yin kusan wannan aiki.

Zan iya amfani da ruwan wanke-wanke ko na wanka?

Ruwan alwala, ruwan wanke shinkafa da na ɗaurayar kayan miya duk suna da kyau, kuma asara ce a bar su su bi makwarara. Ruwan da ke da garin sabulun wanki mai yawa, ko maganin cire datti mai ƙarfi, ko gishiri da maiƙo, yana tara gishiri a ƙasa ya ƙona saiwa sannu a hankali. Ruwan wanka mai ɗan sabulu ana iya kai shi gindin zogale ko wata bishiya, amma kada ya taɓa ganyen da za a ci ɗanye, kamar wanda za a yi kwaɗo da shi. Ruwan da ya fito daga bayan gida ba ya shiga lambu ko kaɗan.

Ƙasar tana bushewa tun kafin azahar. Yaya zan riƙe laima?

A rufe ta. Ƙasar da aka bari tsirara a ranar Afrilu tana yin zafin da ba a iya taka ta da ƙafa, kuma saiwa tana ƙarƙashin wannan zafi. Jihar Kebbi ta yi sa'a ta wannan fuska, domin ƙasar shinkafa ce, buntu da tattakar shinkafa ba su wuyar samu a wajen masu casa da injinan gyara. A shimfiɗa su, ko busasshiyar ciyawa marar iri, ko ɓawon gyaɗa, kaurin yatsu uku zuwa huɗu, amma a bar ɗan fili a kewayen karan shukar don kada ya ruɓe. Idan gidan yana fama da gara, a fi karkata ga buntu maimakon kara da itace, a kuma riƙa ɗaga shimfiɗar ana dubawa. Fangalin bazara kuma ya kasance ya ɗan nutsa ƙasa, da ƙaramin ganuwa a kewaye, domin ruwa ya tsaya inda aka zuba shi.

Wane taki ya fi dacewa, na gargajiya ko na zamani?

A lambun gida, kuma a zafi, na fi son takin gargajiya da ya ruɓe sosai, domin bayan abinci yana taimaka wa yashi riƙe ruwa, abin da takin zamani ba ya yi. Kashin awaki da tumaki da na shanu duk suna da kyau idan an tara su an yayyafa musu ruwa sun kwanta wata biyu ko uku, har sun daina zafi da wari. Kashin kaji ya fi ƙarfi, ɗanyensa kuma yana ƙona tsiro nan take. Idan za a sa takin zamani irin NPK, a sa kaɗan, misalin cikin murfin kwalba ga kowace babbar shuka, a binne shi tazarar tafin hannu daga gindi, a bi shi da ruwa. Zuba taki a busasshiyar ƙasa da rana tsaka yana cikin abubuwan da suka fi saurin kashe shuka. Toka kaɗan tana da amfani, mai yawa kuma tana ɓata ƙasa.

Ƙasan 'ya'yan tumatir da tattasai yana yin baƙi ya lotsa. Cuta ce?

Ba cutar da feshi zai magance ba ce. Sinadarin kalsiyam ne bai isa ga ƙarshen ɗan ba, kuma abin da ya fi jawo haka shi ne ban ruwa marar tsari, yau a cika gobe da jibi a manta. A daidaita ruwa, a rufe ƙasa, a cire waɗanda suka lalace. 'Ya'yan da za su biyo baya sukan fito lafiya.

Ƙwari sun addabe ni. Me zan fesa wanda ba zai cutar da iyalina ba?

Da farko a san abokin gaba, ta hanyar juya ganye a duba bayansa da safe. Farin ƙuda, ɗan mitsitsi da ke tashi kamar ƙura idan an taɓa shuka, yana tsotsar ruwan ganye, kuma shi ne yake yaɗa cutar da ke sa ganyen tumatir ya nannaɗe ya yi ruwan ɗorawa, shukar ta tsumbure. Wadda ta kamu ba ta warkewa, a tumɓuke ta a fitar da ita daga lambun. Darɓa tana taruwa a sabon toho ta bar danƙo. Akwai kuma tsutsar da manoma suke kira sharon, wadda masana ke kira Tuta absoluta. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, kuma ita ce ta yi wa gonakin tumatir na arewacin Najeriya mummunar ɓarna a 2016. Tana shiga tsakanin fatar ganye ta bar tabo fari kamar takarda, ta kuma huda 'ya'ya. Tana ƙaruwa sosai da zafi, wanda wannan ma wani dalili ne na kawar da tsohon tumatir da wuri. Ganyen da ta shiga a tsinke shi a ƙona.

Ga lambu ƙarami, hannu da ido suna yin rabin aikin. Sauran rabin kuma dogon yaro yana taimakawa: a daka busassun 'ya'yansa da aka ɓare, misalin giram 50 ga kowace lita ta ruwa, a jiƙa su kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu kaɗan don ya kama ganye, a fesa da yamma har bayan ganyen, a maimaita bayan mako guda. Ba ya kashewa nan take, yana hana ƙwarin ci da hayayyafa ne, don haka yana son haƙuri.

Idan ta kama sai an sayi maganin kanti, a sayi wanda aka yi domin kayan lambu, a karanta takardar jikinsa, domin akwai adadin kwanakin da aka rubuta a jira tsakanin feshi da tsinka, kuma wannan adadi ba abin wasa ba ne. Kuɓewa da alayyafo, da ake tsinka kusan kullum, ba su dace da magani mai daɗewa ba sam. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan amfani da maganin ƙwari irin Sniper a jikin abinci, kuma ina roƙon kowane mai lambu ya nisanta shi daga abin da yaransa za su ci.

Kaji da awaki da ƙadangaru fa?

A bazara lambun shi ne kaɗai kore a unguwa, don haka kowace dabba tana hararsa. Shinge na kara ko zana mai ƙofa da ke rufuwa shi ne maganin awaki da kaji. Ƙadangaru sun fi ɓarna ga sabon tsiro, kuma tsohon gidan sauro da aka ɗaga a kan sanduna yana kare gadon raino daga gare su, ya kuma rage zafin rana.

Kabewata ta yi yaɗo ta cika wuri, tana fure, amma ƙananan 'ya'yan suna ruɓewa.

Kabewa, kankana da kokwamba suna da fure iri biyu a jikin shuka guda: namiji mai siririn wuya, da mace wadda ke da ɗan ƙaramin ɗa a ƙarƙashinta. Zuma ce take ɗaukar gari daga wannan zuwa wancan, kuma idan zuma ta yi ƙaranci, ko feshi ya kore ta, ɗan sai ya yi rawaya ya faɗi. Da sassafe, lokacin da furen yake buɗe, a tsinki namijin, a cire fatun gefensa, a goga tsakiyarsa a tsakiyar macen. A farkon yaɗo furen maza ne suke fara fitowa, wannan kuma ba matsala ba ce.

Yaushe ne lokacin tsinka, kuma yaya ake yi don shuka ta ci gaba da bayarwa?

Nan ne mutane da yawa suke asarar wahalarsu, domin suna jira abu ya ƙara girma. Kuɓewa tana soma bayarwa wajen kwana 50 zuwa 60 bayan shuka, kuma ɗanta yana isa tsinka kwana huɗu zuwa shida bayan fure. A zafi tana ƙosawa da sauri, saboda haka a zagaya ta duk bayan kwana biyu. Gwajin da matan gida suka sani shi ne daidai: idan tsinin ya karye ɓas, ɗanya ce, idan ya lanƙwashe, ta ƙosa. Abu mafi muhimmanci shi ne, ƙosasshen ɗa da aka bari a jiki yana sa uwar ta rage sabon fure, domin ta juya ƙarfinta ga yin iri. Ko ba za a ci ba, a cire shi. A yanka da wuƙa, kuma mai ƙaiƙayin fata ya sa riga mai dogon hannu.

Alayyafo yana isa cikin mako uku zuwa huɗu. Maimakon a tumɓuke shi, a yanke shi a bar kamar tsawon tafin hannu da 'yan ganye, zai sake toho a yanka sau biyu ko uku kafin ya yi fure. Haka ake yi wa lalo, rama da sure: a riƙa tsinke kan, shukar ta yi rassa. Zogale kuma a sare kansa idan ya kai ƙugun mutum zuwa ƙirji, don kada ya miƙe ya fi ƙarfin hannu. Duk wani ganye da sassafe ake cirarsa, a kai shi inuwa nan da nan.

Tumatir a zafi ana cire shi da zarar ya fara sauya launi, ya ƙarasa nuna a ɗaki, domin wanda aka bari a rana yakan ƙone ta gefe ɗaya ko ya tsage. Kankana ta nuna idan ɗan zaren da ke kusa da wuyanta ya bushe, gefen da ke kwance a ƙasa kuma ya koma ruwan ɗorawa. Albasa kuwa, idan wuyan yawancinta ya kwanta, a tsayar da ruwa, a cire bayan 'yan kwanaki, a bar ta ta sha iska a inuwa har wuyan ya bushe kafin a yanke lawashin.

Idan amfani ya yi yawa kuma babu firiji ko wuta, yaya za a adana?

Shanya ita ce hanyarmu ta asali, kuma bazara lokacinta ne. Kuɓewa a yayyanka a shanya a rana, tumatir a tsaga a yi kauɗa, barkono da tattasai haka, duk a kan tabarma mai tsabta da aka ɗaga daga ƙasa, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙura da ƙuda. Ganye irin zogale da lalo a inuwa mai iska ake shanya su, domin rana tana cinye korensu da amfaninsu. Sai abu ya bushe ƙayau a zuba shi a mazubi mai murfi.

Don ajiyar kwanaki kaɗan akwai tukunya cikin tukunya, dabarar da wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, a ajiye a inuwa mai iska, a riƙa jiƙa yashin safe da yamma. Bushewar ruwan ce take janye zafi, shi ya sa ta fi aiki a busasshiyar iskar rani, ƙarfinta kuma ya ragu da damina.

Me zan canja idan ruwan sama ya sauka?

Kusan komai yana juyawa. A kudancin jihar, wajen Zuru da Yauri, ruwa yakan riga sauka, a arewa kuma sai wajen Yuni yake zama, ya yi ƙarfi a Agusta. Fangalin da ya nutsa, wanda ya ceci lambun a Afrilu, yanzu zai zama tafki ya ruɓar da saiwa, don haka a tayar da kunya a buɗe wa ruwa hanyar fita. A sauke rumfar inuwa, a rage kaurin buntu, a ɗaure gauta da barkono da sanda saboda iskar hadarin farko, a kuma tsinke ganyen da ke taɓa ƙasa. Kada ruwan farko ya ruɗi mai lambu ya ajiye bokiti, domin sau da yawa akan samu tsaikon mako ɗaya ko biyu a bayansa, kuma sabon tsiro ba ya jure wannan.

Zan iya ajiye iri daga lambuna don baɗi?

Ƙwarai, ga kuɓewa, sure, rama, alayyafo, lalo da barkono na gida. A ware shuka ɗaya ko biyu mafi lafiya tun da wuri, a ɗaura musu ƙyalle don kada a tsinke su, a bar 'ya'yan su bushe a jiki, amma a cire kafin su fashe ko ruwa ya dake su. A ƙara shanya irin a inuwa, a gauraya da toka kaɗan, a zuba a kwalba mai murfi, a rubuta suna da shekara, a ajiye a wuri mafi sanyi a ɗaki. Irin kanti da aka rubuta F1 a jikin ledarsa haɗi ne na iyaye biyu, kuma abin da aka ajiye daga gare shi ba ya fitowa kamar uwarsa, don haka shi sai an sake saye kowace shekara.